Hantar Akuyar Kaka Saude

Bana Babbar Sallah ta faɗo a tsakiyar damina. Mun banƙare raguna mun jera su kewaye da wuta a ƙofar gidana nan Tasawa, kitse ya fara ɗiga, ni kuma ina jiran a gasa mini hanta in buɗa baki, sai hadari ya taso daga gabas ko sallama babu. Nan take unguwa ta rikice. Masu gudu da fallen kwano don su kare wuta suna yi, matata tana ƙwala kira a kwashe kayan ciki daga tsakar gida, maƙwabcina yana ta mitar itacen da ya saya. Ni kuwa na tsaya ruwa yana dukana ina dariya.

Matata ta leƙo ta ce, "Malam, lahiya? Nama na jiƙewa kai kana washe baki?"

Na ce mata lafiya lau. Sallah zagaye take yi, sai mutum ya yi furfura kafin ta komo masa a watan da ya san ta. Wancan karon da ta same mu a irin wannan lokaci ina ɗalibi ne, kuma da a ce ruwa ya sauko ya kashe mana wutar gashi a shekarar, wallahi da dattawan garinmu sun yi rawa a cikin taɓo.

Shekarata ta ƙarshe ke nan a jami'a a Yamai, ina neman lisansi, wato digirin farko. Karatuna na ƙwayoyin halitta ne, 'yan ɗakunan nan da ido ba ya gani waɗanda da su aka gina jikin duk wani mai rai, da kuma yadda suke haɗuwa su zama hanta ko ƙoda ko fata. Wannan ɓangare na biyu shi muke kira istoloji. A ƙauyenmu, arewa da Mayahi, na yi wannan bayani har bakina ya gaji. Baba ya yanke wa kansa cewa lokotoro, wato likita, zan zama, haka yake gaya wa mutane a masallaci. Inna takan ce, "Shina leƙen cikin nama da madubi." Kakata Saude, mahaifiyar Baba, ita ta fi kowa taƙaitawa. Ta ce an kai ni Yamai koyon fawa.

Lokacin mulkin soja ne. A shekarar an rufe jami'a na wani lokaci saboda ɗalibai sun ɗaga murya, don haka karatu ya ja har cikin damina, hutun Sallah kawai aka ba mu. Doka kuma a fili take: wanda ya faɗi a shekarar ƙarshe an yanke masa bursu, abin da gwamnati ke ciyar da ɗalibi da shi. Ɗan attajiri zai iya maimaita aji. Ɗan manomi irina sai ya naɗe tabarmarsa ya koma gida ya ɗauki hauya, ga shi a shekarar hauyar ma ba ta da aikin yi.

Jarrabawa ɗaya ta rage mana, ta aikin hannu a labo, wato ɗakin gwaje-gwaje. Malaminmu na istoloji wani dogo ne mai sanƙo, wanda babu ɗalibin da ya taɓa ganin haƙorinsa. Ana gobe za mu tafi hutu ya tara mu ya ce yana son ya ga abin da fari ya yi wa cikin dabbobin ƙasar nan. Kowa ya komo da 'yar tsokar hanta da ta ƙoda daga tunkiya ko akuyar yankinsu, da ita zai yi jarrabawarsa tun daga yanka har rini har bayani. Ya ba kowannenmu kwalbar formol, wani ruwan magani mai yaji a ido da ke tsayar da nama yadda yake, da wata kwalbar mai faɗin baki. Ya ce a yanka kamar ƙwayar wake, a jefa tun naman bai huce ba. Ya ƙara da cewa wanda ya komo da kwalba wayam kada ma ya wahalar da kansa hawa matakalar labo.

A hanya duk shingen jandarma sai an sauke mu an buɗe jaka. Kafin Maraɗi wani jandarma mai gashin baki ya ɗaga kwalbar formol ya tambaye ni ko mene ne. Na ce magani ne na lakwal, wato makaranta, don Allah kada ya shinshina. Ai kuwa kamar na ce masa bismillah. Ya buɗe ya zuƙa, ya yi ta hawaye yana tari, abokan aikinsa suna riƙe ciki. Ya miƙo mini kwalbar yana share ido ya ce in ɓace masa da gani.

Tsakanin Maraɗi da Mayahi dariyar ta ƙare mini. A watan da ya kamata gero ya shanye tsayin mutum, sai ga shi iya gwiwa, ganye ya nannaɗe ya yi fari-fari, in iska ta kaɗa sai ka ji yana ƙara kamar takarda. An shuka ya ƙone, an sake shukawa, ruwa ya zo ya yaudari mutane ya ɗauke. Rairayi yana ƙona ƙafa ta cikin takalmi. Makiyaya suna ta gangarawa kudu da abin da ya rage musu, gefen hanya kuma ga waɗanda suka kasa, har ungulu ta ƙoshi ta bar su. Kowa a motar idonsa yana gabas, amma sama fes take.

Da na isa gida Kaka Saude ce ta fara hango ni. Sunan mijinta marigayi aka sa mini, Lawali, don haka ba ta faɗin sunana. Maigida take ce mini, kuma tun ina rarrafe take tuhumata da rashin cefane.

"Ga Maigida ya komo! Mi ka kawo muna daga birni? Kwalabe? Wayyo ni Saude, kowa mijinta da buhun hatsi, ni nawa da kwalabe."

Na ce, "Ke da ba ki da haƙoran cin abin birni, mi zan wahala in kawo miki?"

Ta kai mini dukan wasa, na kama hannun. Sai na ji kamar kara na riƙe. Duk gidan an rame, amma ramarta ta fi ta kowa.

Abin da bai rame ba a gidan shi ne akuyarta. Jar akuya ce irin tamu ta ƙasar Maraɗi, gashinta yana sheƙi, tana ɗaure a turke a bakin ɗakin Kaka, 'yarta ƙarama tana tsalle a gefe. Kaka ta sa mata suna Hajiya, wai don ita kaɗai ce a garin ba ta san ana yunwa ba. Da can Kaka garke gare ta. Wasu sun mutu, wasu an kai kasuwa sun zama hatsi an cinye. Kowa a gidan ya san Hajiya ita ce rumbun Kaka: in rani ya tsananta za a kai ta Mayahi a sayar a auno mata gero.

Rumbunan gaske kuwa an share su har ƙasa. Da asuba mata suke fita da ƙorai su nufi daji tsinkar anza, 'ya'yan wani ɗan itace masu ɗacin tsiya. A ɓare, a jiƙa, a zubar da ruwan, a sake jiƙawa, kwana da kwanaki, ruwan kuma sai an jawo shi daga rijiyar da kullum ƙara zurfi take. Mu maza muke jan igiyar, wani a bayan wani, mai murya yana ba da waƙa muna amsawa. Tafin hannuna na ɗan lakwal ya fashe tun ranar farko, gari ya samu abin hira. In anza ta saki ɗacinta a dafa ta kamar wake, a ci a sha ruwa a yi hamdala. Wani lokaci kuma a samu jar dawar taimako da sojoji ke rabawa a Mayahi, tuwonta ja wur, ya tsaya wa mutum a ƙirji har gobe. Da la'asar kawai ake ɗora tukunya. Kowa a tsakar gida yake ci, ban da Kaka, wadda takan ɗauki akushinta ta shige ɗaki ta turo ƙofa, wai ba ta son a ƙirga mata loma. Duk da haka ana hira ana ba'a. Ban san dalili ba, amma ban taɓa jin an yi dariya a gidanmu kamar shekarar ba.

Baba yana da rago ɗaya da ya hana a sayar. Ragon nan sai ƙaho da addu'a. Sai da liman ya zo ya shafa bayansa, ya ɗaga leɓensa, ya zagaya shi, sannan ya ce to, ya isa layya, amma da ƙyar. A duk garin gidajen da suka samu abin yankawa ba su cika yatsun hannu ba.

A al'adarmu ranar layya mai yanka ba ya sa komai a bakinsa tun asuba sai hantar dabbarsa, da ita yake buɗa baki. Muka sauko daga idi rana ta riga ta fara cizo, aka kayar da rago, Baba ya yanka. Ana farke ciki na durƙusa da reza da kwalbata. Baba yana tsaye a kaina, yunwa tana cinsa, garwashi yana jira.

"Lawali, hantar ga tawa ce ko ta gwamnati?"

"Ɗan kaɗan zan ɗiba, Baba."

"Tun da nike ban taɓa ganin kwalba ta riga maigida buɗa baki ba. To yi maza."

Maƙwabta suka kewaye ni suna kallo ina yanka 'yan mitsi-mitsin tsoka ina jefawa. Wani ya ce wai da wannan ɗan abin za a ba ni takardar zama babban mutum, aka yi ta salati. Na murɗe murfin kwalba raina fes. A ganina na riga na ci rabin jarrabawa.

Ɗakin Kaka ya fi ko'ina sanyi, kuma ba a shigarsa da wasa. Can na kai kwalbar na ajiye a bayan randa.

"Kaka, ga ajiya. Ta malaminmu ce. Kar a taɓa."

Ta ɗauka ta kai bakin ƙofa wajen haske, ta girgiza, ta ƙura mata ido.

"Wanga ɗan abin za ka kai ma malaminka? Ɗanye? Cikin ruwa? Har Yamai?"

"Haka ya ce shina so."

Ta ce, "Hm," ta mayar da ita bayan randa. Na ɗauka magana ta ƙare.

Washegari ranar rabon nama ce da suya. A wurinmu ba a barin naman layya haka nan. Yanyanka shi ake yi a soya cikin kitsensa da gishiri har ya bushe, ya yi watanni bai lalace ba, kuma duk macen kirki da wannan take alfahari. Baba ya aike ni da kason gwaggona a wani ƙauye, tafiyar ƙafa. Na dawo da la'asar na tarar da gida yana ƙamshi. Kaka tana zaune a bakin ɗakinta fuska a sake, irin ta wanda ya gama babban aiki. Ta miƙo mini wani ƙullin tsumma duk maiƙo.

"Amshi. Na hid da kai kunya."

"Mi ne ne?"

"Saƙon malaminka. Ruwan da ka jiƙa shi ya ruɓe, Maigida. Ina buɗewa ya hau min ido, na yi ta hawaye kamar ranar da kakanka ya rasu. Na zubar, na wanke naman sarai, na soye. Kuma na ga ɗan abin bai kai a ba baƙo ba balle malami, kar a ce mutanen Mayahi marowata ne. Sai na haɗa da rabona duka na soya tare. Yanzu ko wata nawa ya yi ba abin da ka samu nai."

Na kwance ƙullin. Ga jarrabawata nan ta yi ja, ta sha gishiri da yaji, ba a bambanta hanta da ƙoda. Na zauna daɓas a ƙasa.

Abin da na fara tambaya shi ne ko ta ɗanɗana. Ta ce ita ba ta cin kyautar da ta yi. Na gode wa Allah. Sannan na yi mata bayani a hankali: ruwan nan ba ruɓewa ya yi ba, haka yake, kuma guba ne ga ciki. Naman da ya sha shi ba ya ciwuwa, har wanda aka soya tare da shi. Malamin ma ba ci zai yi ba, dubawa zai yi, kuma wuta ta rushe 'yan ɗakunan da za a duba.

Ni da Baba muka haƙa rami a bayan gida muka binne soyayyen nama a shekarar yunwa. Yana mayar da ƙasa na ga kafaɗunsa suna rawa. Na ɗauka kuka yake, ashe dariya ce ta ci ƙarfinsa. Ya ce, "Lisansi da yaji," ya dafa katanga. Ni dai dariya ta ƙi zo mini.

Akwai sauran formol a jakata. Dabbar yankawa ce babu. Motar da ke fita garinmu sai ranar kasuwa, wato jibi da sassafe, kuma ita kaɗai ce za ta kai ni Yamai kafin a kira suna. Mahauta sun rataye wuƙaƙensu kamar yadda suke yi bayan kowace Sallah, sai naman gidaje ya ƙare. Kafin magariba na bi gari ƙofa-ƙofa ina tambayar ko akwai wanda bai yanka ba tukuna. Labari ya riga ni isa ko'ina, wai Saude ta soye lakwal. Mutane suna dariya suna tausayi. Wata ta miƙo mini haƙarƙarin da aka ba ta. Wani ya ce ga zakaransa in zai yi. Wani tsoho ya ce jakinsa ya kusa, in zan iya jira. Duk mai tunkiya ko akuya kuwa, ko ya yanka tun jiya, ko ita ce abincin iyalinsa na rani, kuma ba ni da bakin roƙon wannan.

Na dawo na zauna a kan turmi. Na tuna ajin zana da na fara zama a ciki, da kwalejin Mayahi, da lise, babbar sakandare, a Maraɗi, da duk furar da Inna ta yi ta ƙulla mini a tsumma shekara da shekaru. Duk sun zo sun ƙare a cikin kaskon suya. Na ji tsoro ƙwarai, kuma na kasa jin haushin Kaka, abin da ya ƙara cushe mini zuciya ke nan.

Da safe Inna ta kai wa Kaka ɗan kunun da aka dama, Kaka ta ce a mayar, yau ba ta karyawa sai an jima. Can sai ga ta ta fito da zanenta na Sallah, ta kwance Hajiya daga turke, ta jawo ta tsakar gida. Ta dubi Baba.

"Kai, ɗauko wuƙarka."

"Iya, mi za a yi?"

"Layya. Kwana ukku ce, ko soja sun rage ta?"

"Ba su rage ba, Iya. Amma akuyar ga ita ce hatsinki na rani."

"Na sani, ni na kiwata ta. Tun da nike a duniya layyar ubanka nike ci, ya tahi na koma cin taka. Ban taɓa yin tawa ba. Bana na yi niyya."

Na miƙe na ce, "Kaka, wallahi ban yarda ba. In an yanke bursu an yanke. Ba ni cin lisansi da abincinki."

"Kai wa ya tambaye ka? Mijin da bai cefane har shina da baki? Ni na soye jarrabawa, ni ka gyara ta. Ga ɗiyar Hajiya nan, in muna da rabon gani ta haihu. Tahi ɗauko ruɓaɓɓen ruwan naka."

Baba ya daɗe yana kallon mahaifiyarsa. Ya san ta fiye da ni. Ya shiga ɗaki ya fito da wuƙa. Kaka ta dafa goshin Hajiya ta yi mata wata magana da ba mu ji ba, ta kau da kai har aka gama. Amma ana farke ciki ta matso, ta karɓe kwalbar daga hannuna ta riƙe da hannu biyu. Idonta yana zubar da ruwa, ta ce maganin ne.

"Jehwa tun da zahi. Ba haka malamin ya ce ba?"

Hanta ce mai kauri, sumul, ba irin ta ragon Baba ba. Sai da na murɗe murfi sannan ta yarda aka gasa mata tata ta buɗa baki. Ba haƙora, ta yi ta mamula tana lumshe ido. Ta ce ashe hantar layyar mutum ta kansa daban take, da ta sani da tuni ta daina cin ta aro.

Ranar unguwarmu ta sake Sallah. Kaka ta hau tabarma tana ba da umarni, cinya gidan wane, wuya gidan wance, duk gidan da ba a yanka ba sai da kasonsa ya isa. Mata suka rangaɗa guɗa. Dattawa suka mayar da rigunan da suka riga suka ninke, suka zo yi mata barka da layya, tana amsawa kamar ta saba. Kwalbar kuwa ta ƙulle ta a tsohon ɗankwalinta ta ajiye a cinya. Ta ce ita za ta yi gadi har mota ta tashi, don a gidan nan akwai wata tsohuwa mai karambani.

A labo aiki ne na haƙuri. A tsane ruwan tsokar da sinadarin alkol, a dasa ta a cikin kaki irin na kyandir, a ɗora a na'urar yanka ta riƙa fito da ita sirara fiye da ɓawon albasa, a shimfiɗa a gilashi, a rina. Akwai wani rini da ke kama abincin da hanta ta ajiye a cikin ƙwayoyinta ya mai da shi ja. Na leƙa na abokaina, 'yan Tawa da 'yan Damagaram da sauransu. Ƙwayoyin sun motse sun yi fari, ɗakuna wayam kamar rumbunanmu. Na sa nawa a mikroskop, madubin nan mai ƙara girman abu, na gyara ido, sai na ga ja ko'ina, kowace ƙwaya a cike. Na ce shi ke nan na ɓata rini.

Malam ya zo ya duƙa. Ya daɗe bai ɗago ba.

"Daga ina wannan?"

"Arewa da Mayahi."

"A bana?"

"A bana."

"Rininka daidai ne. Wannan dabba ba ta san yunwa ba, wani yana ba ta hatsi. Ka rubuta mini abin da ka gani da dalilinsa."

A gidanmu ba a da hatsin ba akuya. Sai a lokacin akushin Kaka ya faɗo mini a rai, da ƙofar da take turowa, da turken da ke bakin ƙofar, da hannun nan da na riƙe na ji kamar kara. Na rubuta bayanina ina share ido, kuma babu formol a kusa da zan ɗora wa laifi. Da na miƙa takarda malam ya tambaye ni yadda aka yi, na ba shi labari tun daga suya. Ranar muka ga haƙoransa. Ashe har wushirya gare shi.

Na ci lisansi. Aka turo ni nan Tasawa koyar da kimiyya a kwaleji. Da albashin da aka fara ba ni na sayi buhun gero na kai har bakin ɗakin Kaka na dire. Ta zagaya shi ta ce, "Yau dai Maigida ya yi cefane. Sai da na tsuhwa." Ranin ya yi tsanani, ba zan ɓoye ba, amma babu wanda muka rasa a gidan. Da ruwa ya komo 'yar Hajiya ta girma ta haihu, kuma Kaka ta gani.

A wani hutu na ari mikroskop ɗin makaranta, mai ɗan madubi da ke aiki da hasken rana, na tafi da shi gida. Na kife turmi a tsakar gida na ɗora shi, na sa gilashin hantar Hajiya da na adana tun jarrabawa. Baba ya leƙa ya ce ya ga alheri. Inna ta leƙa ta ce kamar atamfa. Aka kamo Kaka. Ta fara rufe ido biyu, aka yi dariya. Ta rufe wanda za ta duba da shi, aka ƙara. Can dai ta daidaita.

"Mi ne ne wanga ja-ja kamar an watsa barkono?"

"Tuwonki ne, Kaka. Wanda kike shiga ɗaki da shi."

Ta ɗago da sauri ta dubi Inna, ta dubi Baba.

"Wa ya hwaɗa maka?"

"Gilashin."

"Kai! Ashe abin ga ɗan tsegumi ne."

Ta sake duƙawa. Wannan karon ta daɗe, har rana ta gusa na gyara mata madubin. Sannan ta ce a hankali, ba tare da ta ɗago ba, "Duk shina nan. Ko loma ba ta ɓace ba."

Kaka Saude ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta. Gilashin yana wurina, kuma duk ɗalibin da ya bi ta ajina a Tasawa da hantar Hajiya ya fara ganin ƙwayar halitta. Bana da ruwa ya tsagaita aka sake hura wuta, matata ta kawo mini hanta da zafinta. Na ce ta ɗan dakata. Na shiga ɗaki na ɗauko gilashin, na kai shi bakin ƙofa na ɗaga wajen haske. Rinin ya ɗan koɗe ta gefe, amma tsakiyar ja take har yanzu.